Tsohuwar ThinkPad: ƙarfe ce da gaske, ko roba ce aka shafa wa baƙi?

Ɗan_Fagge
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in fitar da kuɗina. Kwamfutar da nake aikin makaranta da ita ta karye ta wajen hinji. Ba faɗuwa ta yi ba. Ranar Talata na zo buɗewa sai na ji ƙas, ashe robar da notin yake ciki ce ta ɓalle. Yanzu sai na jingina murfin da littattafai kafin in yi aiki, kuma shekararta biyu kacal a hannuna.

Yayana ya ce in rabu da masu sheƙin nan in nemi tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta ThinkPad, wai ita ƙarfe ce. Jiya na je shago aka fito mini da ThinkPad samfurin T420 'yar gwanjo. Na ƙwanƙwasa murfin da farce, ni dai wallahi roba na ji. Ga kauri, ga nauyi, ga ta baƙa ƙirin. Mai shagon yana ta rantsuwa cewa ƙarfe ce. To ƙarfen yana ina? Ko zancen 'yan kasuwa ne kawai? Wanda ya san ta don Allah ya fitar da ni daga duhu.

Sabon_Jini
Wa alaikumus salam. Roba ce mana, kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Ka tafi da maganaɗisu ka ɗora a kai, in ya kama ka zo ka faɗa mana.

MaiGyara_Beirut
Wa alaikumus salam ƙanena. Kai da yayanka duk kuna da gaskiya. Abin da ka ƙwanƙwasa roba ce, sai dai an ƙarfafa ta, ba irin ta bokiti ba ce. Ƙarfen kuwa yana ciki. In ka cire madannai da wajen ɗora hannu, za ka tarar da wani ƙwarangwal mai ruwan toka ya shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan, an huhhuda shi inda fanka da had dis da sauran kaya za su zauna. Na maginiziyam ne. Bod ɗin, wato babban allon lantarkin kwamfutar, a jikinsa yake ɗaure, hinjin ma a jikinsa ake ɗaure shi.

Ka ɗauke shi kamar azara a rufin soro. Daga waje ƙasa kake gani, amma ba ƙasar ce take ɗauke da nauyin ba.

Abin da ya sami taka kuwa kullum sai an kawo mini irinsa. Ana dasa ɗan gidan noti na tagulla a cikin roba, a ɗaure hinjin a nan. Kullum ka buɗe, robar ce take shan wahala. Hinji ya yi tauri da ƙura, zafi ya busar da robar, wata rana sai ta saki. A T420 ƙarfe ne yake riƙe da ƙarfe. Ka duba ta baya za ka ga hinjin nan biyu farare a fili, ba a ma ɓoye su ba.

Injiniya_Zariya
@Sabon_Jini gwajin maganaɗisu ba zai nuna komai ba, domin ba ya kama maginiziyam, kamar yadda ba ya kama alminiyom. Matsalar ita ce mu da Hausa duk ƙarfe muke ce musu. Kuma kada kowa ya je yana goga maganaɗisu mai ƙarfi a kan kwamfutar mutane, wataƙila had dis ne mai juyawa a ciki.

Dalilin zaɓen maginiziyam rashin nauyi ne. In ka yanko guntaye uku masu girma ɗaya, na maginiziyam zai yi wajen kashi biyu cikin uku na nauyin alminiyom, bai kuma kai rubu'in nauyin baƙin ƙarfe ba. Da a ce da baƙin ƙarfe aka yi ƙwarangwal ɗin, da ba mai iya rataya ta a kafaɗa.

Kuma ba don ado aka sa shi ba, wahala ce ta koya musu. T40 da T41 da T42, waɗanda IBM ta fitar a 2003 da 2004, sirara ne masu kyau, amma an san su da ciwo ɗaya. In mutum ya saba ɗaukar su ta kusurwa da hannu ɗaya, jikin yakan ɗan lanƙwasa, bod ya bi shi. A hankali dalmar da ke riƙe da cif ɗin hoto sai ta tsattsage, fuska ta riƙa ɗaukewa ko ta cika da zane-zane. Da T60 ta fito a 2006 sai aka sa mata wannan ƙwarangwal don bod ya daina lanƙwasa. A T61 ta 2007 har cikin murfi aka sa wani, don ya kare gilashin.

Sabon_Jini
Na karɓi gyara a kan maganaɗisu, Injiniya. Amma ku faɗa wa yaron nan gaskiya. T420 ta 2011 ce. Ko da zinare aka yi ƙwarangwal ɗinta, abin da ke cikinta ya tsufa. Core i5 zubi na biyu ne, Windows 11 ba ta yarda da shi ba a hukumance, Windows 10 kuma tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Fuskarta dishi-dishi take, in ka ɗan karkata sai launi ya juye. Nauyinta ya haura kilo biyu ban da caja. Ɗalibin da zai hau adaidaita sahu da ita kullum fa? Jiki mai ƙwari ba shi ne aiki ba.

Maman_Ilham
Ni dai ban san sunayen ƙarafuna ba, abin da na gani zan faɗa. T410 ce a gidanmu, da ita nake lissafin kayan da nake sayarwa. Wata safiya ina shigar da bashin mutane, autata ta taho da gudu ta bangaji kofin shayi, ya kife gaba ɗaya a kan madannan. Na yi salati na miƙe. Ina kallo sai ga shayin yana ɗiga ta ƙasa a kan tabarma, kamar an buɗe indararo. Na kashe ta na cire batir. Maigidan ya kai ta aka canza madannai saboda sukari ya sa wasu suna maƙalewa. Ita kanta har yau tana aiki, lissafina ko ɗaya bai ɓata ba.

MaiGyara_Beirut
Hajiya kin yi dabara da kika cire batir nan take. Abin da kika gani da gangan aka yi shi. Ƙarƙashin madannan akwai faranti mai ɗan baki kamar tire, da hanyoyin da ke kai ruwa ga wasu ramuka da suka ɓulle ta ƙasa, don ya wuce bai taɓa bod ba. Abin da nake roƙon mutane shi ne kada su kifa ta ko su girgiza ta in hakan ta faru. A bar ta a kwance yadda take ruwan ya bi hanyarsa. In ka karkata ta, kai da kanka ka kai shi inda aka hana shi zuwa. Kuma ɗan ruwa aka yi abin dominsa, ba buta guda ba.

Baba_Sakatare
Assalamu alaikum. Ni tsoho ne a cikinku, ku yi haƙuri in na yi tsawo. Da tafireta na fara aiki, shekara talatin da wani abu ina buga takardun ofis har na yi ritaya. Yanzu 'yan unguwa suke kawo mini takardun haya da na cinikin fili da wasiƙun neman aiki. X220 nake amfani da ita.

Duk kuna maganar ƙwarangwal, ni kuwa madannai ne suka riƙe ni. Kowane maɓalli yana da ɗan kwarmi a tsakiya inda kan yatsa yake zama, gefensa kuma a gangare, ga shi yana nutsewa sosai kafin ya dawo. Ba sai na duba ba, yatsana ya san ya buga ko bai buga ba. Layi bakwai ne. Maɓallan F an raba su huɗu-huɗu da ɗan fili a tsakani, da lalube kake gane inda kake. Esc da Delete an yi su dogaye domin su ake yawan kai wa hannu. Jikana ya ba ni tasa sabuwa in gwada, maɓallan a shafe kamar an zana su a kan faranti. Shafi biyu na buga gaɓoɓin yatsuna suka fara ciwo, na mayar masa.

Sai 'yar fitilar nan da ke saman murfi. In an ɗauke wuta da dare, Fn da PgUp kawai zan danna ta haska mini madannan har da takardar da nake kwafa in na matso da ita. Wutar da ake sa wa a ƙarƙashin maɓalli yanzu ba ta haska takarda.

Yarona Ɗan_Fagge, in rubutu ne yawancin aikinka, ka zauna a shagon ka buga shafi guda kafin ka yanke shawara.

Ɗan_Fagge
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Rubutu ne kam, kundin kammala karatu nake shirin farawa.

Gimbiyar_Kod
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai a lura da shekara. T420 da X220 su ne na ƙarshe masu layi bakwai. Daga T430 da X230 na 2012 aka koma layi shida masu tsibiri-tsibiri. Su ma suna da daɗin bugu, kwarmin yana nan, amma an watsa Home da End da PgUp wasu wurare. Akwai masu ciro madannan X220 su dasa a X230 don su haɗa tsohon hannu da sabon inji. Da aka cika shekara 25 a 2017, Lenovo, kamfanin da ke yin ta yanzu, ta fitar da ThinkPad 25 mai layi bakwai saboda yawan roƙon mutane, amma kaɗan aka yi.

Abu_Hanifa_Gombe
Ni tambayata daban. Wannan jan abin da ke tsakiyar madannai, mene ne amfaninsa? Na ɗauka maɓallin kashewa ne, tsoron taɓa shi nake.

Gimbiyar_Kod
Linzami ne Malam, TrackPoint sunansa. Ba motsi yake yi ba, matsin yatsanka yake ji. Ka ɗan tura shi gaba kibiya ta yi sama, ka ƙara ƙarfi ta ƙara sauri. Maɓallai ukun da ke ƙasan dogon maɓallin tazara nasa ne, na tsakiyar in ka danne shi kana tura jan sai shafi ya riƙa gangarawa. Amfaninsa hannunka ba ya barin layin rubutu. Kwana uku na farko za ka ji haushinsa, bayan nan ko a kwamfutar wani ka zauna sai ka ji yatsanka yana neman sa tsakanin G da H da B. Jar hular roba ce, cirewa ake yi a sa sabuwa in ta cinye.

Malamin_Zane
Tunda an taɓo jan ɗigon, bari in sa baki, don wannan fannin nake koyarwa. Baƙin da Ɗan_Fagge ya raina shi ne asalin labarin.

A Oktoban 1992 IBM ta fitar da 700C. A lokacin kusan duk kwamfutar ofis ruwan madara ce ko ruwan toka. Wanda ya tsara siffarta Richard Sapper ne, Bajamushe mazaunin Milan a Italiya, injiniyoyin da suka gina ta kuma suna Yamato a Japan, cikinsu har da Arimasa Naitoh. Siffar an ɗauko ta ne daga akwatin abincin Japanawa da suke kira bento, baƙi mai kusurwa huɗu, daga waje ba ka ganin komai sai ka buɗe ka tarar da abinci an jera shi gida-gida. Abin da Sapper yake so ke nan, a rufe ta zama akwati shiru, sai an buɗe a ga abin mamaki. A 700C abin mamakin shi ne fuska mai launi inci 10.4, wadda a wancan zamani babba ce ƙwarai. Dala 4,350 aka sa mata.

Linzamin aikin Ted Selker ne, amma Sapper ne ya dage sai ya zama ja. Aka ce masa a ƙa'idar kamfanin ja na makunnin kashe na'ura ne lokacin gaggawa. Sai aka rubuta launin a takarda da wani suna, magenta, aka wuce da shi. Shi kansa baƙin sai da aka yi ja-in-ja a kansa, har an yi masu ruwan toka domin kasuwar Jamus saboda ƙa'idojinsu na kayan ofis.

Abin da yake burge ni, wanda nake nuna wa ɗalibaina, shi ne ka ajiye ta 1992 kusa da ta 2011 yaro ma zai ce 'yan gida ɗaya ne. Abin da ba shi da sheƙi ba ya dusashewa. Masu ruwan azurfan fenti na wancan lokaci duk sun koɗe sun zama abin tausayi, ita kuwa baƙar sai dai kusurwoyinta su yi santsi.

Akwai kuma 701C ta 1995, wadda John Karidis ya yi wa madannai masu rabewa biyu. In ka ɗaga murfi sai su zame su buɗe su fi jikin kwamfutar faɗi, in ka rufe su koma ciki. Tana cikin kayan da gidan adana zane-zanen zamani na New York ya ajiye.

Sabon_Jini
Malam tarihi ya yi daɗi, amma wancan IBM ce. Tunda 'yan Chaina suka saye ta ai sunan ne kawai ya rage.

Injiniya_Zariya
A nan kam ban bi ka ba. A 2005 Lenovo ta Chaina ta karɓi sashen kwamfutocin IBM. T60 mai ƙwarangwal ɗin da muke yabo a 2006 ta fito, wato a hannun Lenovo, ko da yake tambarin IBM ne a jikinta. T61, X200, T410, X220, T420, duk na Lenovo ne. Injiniyoyin Japan ɗin ma ba a sallame su ba, da su aka ci gaba. Mai ciwon lanƙwasar bod kuwa, T40, ta IBM ce tsantsa. In za a yi ƙorafi a yi shi a kan abin da ya canza daga baya, lokacin da kowa ya shiga tseren sirantaka.

BaDamagare
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Damagaram yawancin na hannu daga Faransa suke zo muna, madannansu AZERTY ne. Ƙanena da ke karatu a Kano ya saba da QWERTY, da ya zo hutu ya kasa rubuta ko sunansa, A da Q sun yi musanyar wuri. Noti biyu muka kwance a ƙasan X220, muka tura madannan gaba suka fita, muka sa wasu. Minti biyar bai cika ba. A jikin kowane rami an zana ɗan hoto mai nuna abin da notin yake riƙe da shi, ko madannai ko RAM. Wanda bai yi lakwal ba ma zai gane.

Abin da ya fi damunmu ƙura ce. In hunturu ya shigo fanka takan toshe, ka kunna ta rubuta Fan error ta mutu. Mutane sai su tsorata su ce ta ƙone.

MaiGyara_Beirut
Ba ƙonewa ba ce ɗan'uwa, kare kanta take yi. In ta ga fanka ba ta juya ba sai ta ƙi tashi don kada zafi ya kashe ta. A buɗe a share, a sa sabon man sanyaya a kan furosesa, in fankar ta gaji a canza. Ni duk shekara bayan hunturu nake ce wa masu ita su kawo a share.

Zancen hotunan noti da ka yi, akwai abin da ya fi shi. Kowace ɗaya tana da littafin gyara da kamfanin ya saki kyauta a intanet, da zanen yadda za ka kwance ta daki-daki, da tsawon kowane noti. Kowane ɓangare kuma yana da lambarsa a manne, FRU ake ce mata. Da wannan littafin na koya wa yarana biyu aiki. Ga had dis noti ɗaya ne ta gefe, ka zaro shi da robobinsa biyu masu tare girgiza. Wajen faifan CD ma zarewa yake, ka sa had dis na biyu a gurbin.

Ummu_Sadiq
Tunda an zo maganar madannai, akwai wadda take da ƙ da ɗ da ɓ a jiki? Na gaji da kwafowa daga wani wuri.

Gimbiyar_Kod
Ba a jikin maɓalli abin yake ba Anti, a manhaja yake. Ki shiga wajen harsuna a Windows ki ƙara Hausa, za ki samu tsarin madannanta. Kowace irin kwamfuta ce zai yi.

Ɗan_Kantin_Kwari
Ku dawo kan maganar yaron nan. Ni gargaɗi zan yi masa, don an taɓa cuta ta. Na sayi wata a hannun wani mutum, tana tashi lafiya, komai yana aiki. Sai da na tashi canza wani saiti na tarar an kulle BIOS, wato wajen saitin asali na kwamfutar, da kalmar sirri ta mai kula. Na koma wajensa ya ce shi ma haka ya saye ta. Na ɗauka cire ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo zai goge, ashe a waɗannan ba ya gogewa, a wani cif daban take zaune. Daga ofisoshin Turai ake kwaso su, wasu ba a cire makullin ba. Kafin ka biya ko sisi, ka kunna ka danna F1 a gaban mai shagon. In ta nuna hoton kwaɗo tana neman kalma, ajiye masa kayarsa.

Injiniya_Zariya
Wannan gargaɗi ya fi duk abin da muka faɗa amfani. In ƙara da guda: ba duk mai sunan ThinkPad ba ce ake nufi. T da X da W su ne aka kashe wa kuɗi a jiki. SL da Edge, wadda ta koma E, an yi su ne don araha, jikinsu roba ce ta yau da kullum. Mai shago zai nuna maka jan ɗigo ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Harafin farko za ka duba.

Kuma Ɗan_Fagge, in ƙarfen da za ka taɓa da hannu kake so, X220 da X230 murfinsu da gindinsu maginiziyam ne. Ka ɗora tafin hannu da safe za ka ji sanyinsa, in kusurwa ta goge kuma za ka ga fari-fari yana leƙowa ta ƙarƙashin baƙin.

Abu_Hanifa_Gombe
To me ya hana su yi duka da ƙarfen a huta?

Injiniya_Zariya
Eriyar Wi-Fi a cikin murfi take, ta sama. Ƙarfe yana tare sigina, zaren kabon ma haka. Shi ya sa ko a masu murfin kabon za ka tarar wajen eriya an yi shi da roba ko zaren gilas. Na biyu, ƙarfe in ya daku ya lotsa ke nan, roba mai kyau kuwa takan ɗan ba da kai ta dawo. Kowanne da inda ya fi dacewa.

Hajiya_Malama
Kuna ta yabo ba wanda ya ambaci danƙo. Wannan laushin da aka shafa wa murfin, mai kamar fatar roba, in ya tsufa ya sha zafin bazara irin namu yakan narke ya riƙa kama hannu, ƙura da zaren mayafi duk su manne. Na gani a wajen mutane da yawa. Ɗan_Fagge ka shafa murfin da kyau kafin ka saya.

MaiGyara_Beirut
Haka ne Hajiya, ba a musu. Ba kowacce take yi ba, amma wadda aka bari a mota ko a rana ta fi saurin yi. Sifirit da tsumma muke sa wa mu goge shafin gaba ɗaya, ta koma baƙa mai santsi. Kyan ya ragu, aiki bai taɓu ba.

Tunda aibi ake lissafawa, in cika muku. T61 mai cif ɗin hoto na Nvidia a guje ta, matsalar wannan cif sananniya ce a kamfanoni da yawa na shekarun 2007 da 2008, mai Intel ita ce lafiyayya. T60 da T61 fitilar fuskarsu irin ta dogon ƙwai ce, in ta tsufa sai ka ga fuskar ta yi ja-ja lokacin kunnawa. Wajen ɗora hannu roba ce zalla, yakan tsage ta kusurwa. T440 kuma an cire mata maɓallan linzami uku aka mayar da faifan taɓawa gaba ɗaya abin dannawa, mutane suka yi ta kuka har aka dawo da su a T450.

Tauraron_Arewa
Ni na ji an ce da ita 'yan sama jannati suke aiki. Gaskiya ne?

Malamin_Zane
Gaskiya ne. Tun Disambar 1993 ThinkPad 750 ta bi kumbon Endeavour a tafiyar gyaran madubin hangen nesa na Hubble. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kuma an yi shekaru ana aiki da A31p, daga baya T61p. In ka ga hotunan cikin tashar na wancan lokaci za ka gan su manne a bango ko'ina.

Sabon_Jini
A sama babu ƙurar Kano kuma babu ɗauke wuta. Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar batir. Batirin shekara goma da wani abu minti nawa zai yi?

Gimbiyar_Kod
Tsohon batir kam ya gama yayi, ba ruwansa da sunan kamfani. Bambancin shi ne wannan ta baya yake, ka ja sakata ka zare ka sa wani, ko ka riƙe biyu a jaka. Akwai mai sel shida, akwai mai tara da yake ɗan turowa ta baya. Sai dai a sani, daga T430 da X230 kwamfutar tana tantance batir, in ba na asali ba ne tana iya ƙin yi masa caji. T420 ba ta da wannan.

Amma ina tare da kai a rabin maganarka. In kuɗinsa za su kai, T480 ta 2018 ita ce tsaka-tsaki. Yawancinsu Core zubi na takwas ne, wanda Windows 11 ta yarda da shi, gurbin RAM biyu, caji ta USB-C, batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje da za ka canza ba tare da ka kashe ta ba. Daga T490 aka rufe batir a ciki. Abin da zai rasa shi ne madannan Baba da fitilar Baba da sakatar murfi.

In kuwa T420 ce aljihu ya iya, a sa mata SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, a maimakon had dis, a kai RAM 8GB, tana ɗaukar har 16. Ni Linux Mint na sa wa tawa a maimakon Windows, rubutu da bincike da koyon kod ba abin da take gaza mini.

Baba_Sakatare
'Yata, abin da kika lissafa zai rasa ɗin, ni su ne kwamfutar. Amma na san zamani ya wuce inda na tsaya, kuma yaron shi zai yi aiki da ita ba ni ba.

Ɗan_Fagge
Na koma shagon yau da yamma. Na roƙi mai shagon ya sa yaronsa ya ɗaga madannan T420 ɗin, ya yarda. Gani ya kori ji, ƙwarangwal ɗin yana nan kamar yadda Oga MaiGyara ya faɗa, mai ruwan toka, na taɓa shi da hannuna. Na danna F1 ta shiga ba kwaɗo. Murfin ba ya danƙo. Na ɗaga shi da yatsa ɗaya ya tsaya cak inda na bar shi. Na buga shafi guda kamar yadda Baba ya ce, kuma na gane abin da yake nufi.

Sai dai fuskar, gaskiyar Sabon_Jini ce, ba ta kai ko tawa da ta karye haske ba. Akwai X230 a wajen, ta fi sauƙin ɗauka, amma inci 12.5 ta yi mini ƙanƙanta. T480 kuma sai na ƙara kuɗi masu yawa, sai dai in jira wata biyu. Ban biya ba tukuna. Yayana yana cewa in ɗauki T420, zuciyata tana rabe.

Hajiya_Malama
Kundin naka yaushe za ka fara? In akwai lokaci ka jira, ido ba abin wasa ba ne.

MaiGyara_Beirut
Kafin ka yanke, ka tambaye shi wace fuska ce a jikinta. T420 iri biyu take zuwa da su, 1366 da 768, ko 1600 da 900. Ta biyun ta fi sarari nesa ba kusa ba, shafi biyu za ka jera gefe da gefe. Haskenta dai ba zai kai na zamani ba. Ita kuma X230 akwai mai fuskar IPS, ka karkata ta ka gani, in launi bai juye ba ita ce.

Tsohuwar taka kuma kada ka yar. Kawo ta in duba, wani lokaci ana sassauta hinjin a sake gina wajen notin da gam mai ƙarfi, ta kai ka wata biyun da kake cewa.